Garin furotin: mai ɗanɗano ko zalla, wanne ya kamata mutum ya ɗauka?

Wanda ya yi niyyar sayen garin furotin, ko mai ɗaga ƙarfe ne ko wanda likita ya ce jikinsa na buƙatar ƙari, zai tarar da kaya iri biyu. Ga wanda aka sa wa cakulan ko banila ko sitiroberi, ga kuma wanda aka bari zalla, ba zaƙi ba ƙamshi. Yawancin mutane harshe suke bar wa hukuncin, kuma ban ga laifinsu ba, domin ɗanɗano yana yin aiki ɗaya mai muhimmanci: shi ke sa mutum ya iya shanye abin yau da gobe ba tare da yamutsa fuska ba. Sai dai ba kyauta yake yin aikin ba. Akwai abubuwan da ake zubawa a cikin garin kafin ya yi daɗi, akwai wurin da suke cinyewa a cikin robar, akwai kuma abin da suke iya rufewa. Ya kamata mai saye ya san waɗannan kafin ya biya.

Asalin garin ɗaya ne a robobin biyu. Furotin ɗin madarar shanu kashi biyu ne: kusan kashi 80 cikin ɗari kasin ne, wato wanda ke daskarewa ya zama cuku, ragowar kusan kashi 20 kuma yana tafiya cikin ruwan da ke tsiyayewa idan an yi cukun. Wannan ruwan ake tacewa a busar da shi ya koma gari, shi ne ake rubutawa Whey a jikin roba. Idan an yi masa tata matsakaiciya, furotin ɗinsa kan kai kusan kashi 80 cikin ɗari, sauran kuwa kitse ne da sukarin madara da ake kira laktos. Idan an ƙara tace shi sosai, furotin ya kai kashi 90 ko fiye, laktos ya kusa ƙarewa. Akwai kuma na tsirrai, daga waken soya, ko fis, ko shinkafa. A masana'anta, daga buhu ɗaya ake ɗiba a cika robar zalla, a kuma ɗiba a gauraya da kayan ɗanɗano a cika ɗayar. Tsoka ba ta san cakulan ba. Amino asid ɗin da ke isa gare ta, wato ƙananan tubalan da suka haɗu suka zama furotin, iri ɗaya ne, don haka duk mai cewa ɗaya ya fi ɗaya gina jiki saboda ɗanɗano ko rashinsa, magana ce marar tushe.

Wanda bai taɓa shan zalla ba yakan ɗauka zai ji shi kamar ruwa. Ba haka abin yake ba. Na ruwan cuku mai matsakaiciyar tata yana da ƙarnin madara kaɗan, wanda aka tace sosai ya fi lami amma yana yin kumfa. Akwai wani nau'in da ake farfasa furotin ɗinsa tun a masana'anta don ya yi saurin narkewa, wannan ɗaci gare shi sosai, da wuya a sha shi a ruwa kaɗai. Kasin yana yin kauri ya bar gari-gari a baki. Na fis da na soya suna da ƙamshin ɗanyen wake da ɗan bauri, na shinkafa kuma yana yin tsaki-tsaki a maƙogwaro. Wanda ya fi kowa ɓacewa a cikin abin sha shi ne kolajin, da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi ko kifi, shi ya sa masu gudun ɗanɗano da yawa ke ƙarewa a kansa. A nan akwai tarko. Kolajin ba shi da amino asid ɗin da ake kira tiriftofan, ɗaya daga cikin guda tara da dole jiki ya samu daga abinci, kuma lusin ɗinsa, wanda shi ke tayar da aikin gina tsoka, kaɗan ne. Wanda ke neman tsoka bai kamata ya ƙirga shi daidai da na madara ko na soya ba.

To me ake zubawa a mai ɗanɗano? Juya robar ka karanta jerin kayan haɗi, wanda bisa ƙa'ida ake rubutawa daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci. A zalla, layi ɗaya ne ko biyu: furotin, sai sau da yawa lesitin na soya ko na irin furen rana, wanda ke sa garin ya jiƙe da sauri kada ya dunƙule. A mai ɗanɗano za ka ga sinadarin ƙamshi, da abin zaƙi ɗaya ko biyu, da ƙaro irin su zantan da guwa masu kawo kauri, da gishiri, wani lokaci da launi, wani lokaci da maltodekstirin, wani gari da ake yi daga sitaci, wanda ake ɗora ƙamshin a kansa. Idan cakulan ne, ga garin cakulan ɗin kansa, wanda shi ya fi cin wuri, domin banila ɗigo kaɗan ya isa amma cakulan sai an zuba da yawa kafin a ji shi.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma kowa zai iya yin sa a tsaye. Raba giram ɗin furotin da aka rubuta da nauyin cokalin awo. A ce cokalin giram 30 ne. Idan zalla ya ba da giram 27, kashi 90 ke nan cikin ɗari. Idan ɗan'uwansa na cakulan ya ba da 24, kashi 80 ke nan. Ga jiki, wannan tazarar ba wani abin tashin hankali ba ne. Baligi mai lafiya yana buƙatar kusan giram 0.8 na furotin ga kowane kilo na nauyinsa a rana, mai kilo 70 ke nan giram 56. Ga masu ɗaga ƙarfe, wani babban nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 49, ya nuna cewa ribar ƙarin furotin ga tsoka tana tsayawa ne a wajen giram 1.6 ga kowane kilo, wato giram 112 ga mai kilo 70. Giram uku a cikin ɗari da ɗoriya, rabin ƙwai ya cike su. Amma ga aljihu abin yana taruwa: a robar kilo ɗaya, giram 900 na furotin ne da giram 800, bambancin ya kai kimanin furotin ɗin cokalin awo huɗu. Wasu kamfanoni kuma sukan girmama cokalin mai ɗanɗano don lambar furotin ta fito daidai da ta zalla, sai robar ta riga ƙarewa. Shi ya sa lambar da ke gaba da manyan baƙaƙe ba ta isa ba, sai an yi rabon.

Maganar abin zaƙi ita ce ta fi tayar da ƙura, kuma ita ce aka fi cakuɗa gaskiya da tsoro a cikinta. Wanda aka fi sawa a garin furotin shi ne sukuralos, da aka gano a 1976, wanda ya fi sukari zaƙi kusan sau 600. Sau da yawa ana haɗa shi da asesulfem, mai zaƙin sukari kusan sau 200, don ɗaya ya rufe bauri ɗin ɗaya. Masu son a ce kayansu na tsirrai ne sukan sa sitibiya, ganyen da asalinsa ƙasar Faraguwai ne da maƙwabtanta, shi kuma yana barin wani ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe wanda wasu ba sa ji, wasu kuma ba sa iya jurewa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa iyakar sukuralos a miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, wato miligiram 350 ga mai kilo 70. Don a samu zaƙin ƙananan cokula huɗu na sukari, kimanin giram 16, abin da ake buƙata na sukuralos bai kai miligiram 30 ba. Wanda ke shan cokali ɗaya ko biyu a rana yana nesa da iyakar.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da abubuwa biyu da suka girgiza mutane. A watan Mayu ta ba da shawarar kada a dogara da irin waɗannan abubuwan zaƙi don rage ƙiba, domin ba a ga suna rage kitsen jiki ba idan tafiya ta yi nisa. Shawarar ba ta ce guba ba ne, kuma ba ta shafi waɗanda suka riga suna da ciwon sukari ba. A watan Yuli kuma sashenta mai binciken ciwon daji ya sa wani abin zaƙin mai suna asfatem a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar, bisa hujja mai iyaka, yayin da kwamitin da ke duba kayan da ake ƙarawa a abinci ya bar iyakarsa yadda take, miligiram 40 ga kowane kilo a rana. Waɗanda asfatem ya haramta gare su kai tsaye su ne masu wata cutar gado da ke hana jiki sarrafa amino asid ɗin fenilalanin, kuma don su ake rubuta gargaɗi a jikin kayan. A ganina, tsoron ciwon daji ba shi ne dalili mai ƙarfi na gudun mai ɗanɗano ba. Abin da ya fi damuna shi ne sabo. Yawancin waɗannan garuruka an cika musu zaƙi fiye da kima, don su burge a kurɓin farko, kuma wanda ke ƙoƙarin raba harshensa da zaƙi ba ya taimakon kansa idan kullum da safe da shi yake buɗe baki.

Ciki shi ne alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara a gabansa. Mutane da yawa suna cewa garin furotin yana kumbura musu ciki, yana sa su iska ko gudawa, sai su yanke hukunci cewa jikinsu ba ya son furotin. Sau da yawa furotin ɗin ba shi da laifi. Masu laifin da aka fi kamawa uku ne. Na farko laktos: kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutane a duniya ƙarfin narkar da shi yana raguwa bayan yarinta, kuma wannan matsalar tana cikin mai ɗanɗano da zalla duka matuƙar tatar matsakaiciya ce. Na biyu wasu abubuwan zaƙi da sunayensu ke ƙarewa da "ol", irin su sobitol da maltitol da zailitol, waɗanda hanji ba ya tsotse su duka, sai su ja ruwa, ƙwayoyin hanji kuma su mayar da su iska. Na uku ƙaron kauri da zaren inulin da ake ƙarawa. Biyu daga cikin ukun nan a mai ɗanɗano suke zaune. Don haka wanda cikinsa ke ƙorafi, hanya mafi sauri ta gano bakin zaren ita ce ya koma zalla wanda aka tace sosai na ɗan lokaci. Idan ciki ya lafa, ya san inda matsalar take. Idan bai lafa ba, sai ya gwada na tsirrai, kuma idan akwai ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, wannan ba maganar gwaji ba ce, asibiti ake zuwa, domin alamar jiki na ƙin furotin ɗin madarar ne ko soyar kanta.

Wanda ke son sa garin a girki, zalla ne nasa, kuma dalilin ya wuce cewa banila ba ta shiga miya. Asfatem yana rasa zaƙinsa idan ya ji wuta. Sukuralos kuwa, hukumar tantance haɗarin abinci ta Jamus ta ba da shawara a 2019 cewa kada a gasa ko a soya abincin da ke ɗauke da shi har zafi ya wuce digiri 120 a ma'aunin Celsius, domin yana iya wargajewa ya haifar da sinadaran da ba a gama sanin lafiyarsu ba. Murhun gashi yana wuce wannan zafin da nisa. Shi furotin ɗin kansa zafi ba ya kashe amfaninsa. Na ruwan cuku yana fara dunƙulewa idan zafi ya haura digiri 70, kamar yadda farin ƙwai ke yi, amma amino asid ɗinsa suna nan. Dabarar ita ce a dama shi da ruwan sanyi kaɗan tukuna, sannan a zuba a abincin bayan an sauke.

Akwai wani abu game da cakulan da ba kasafai ake faɗa ba. Bishiyar koko, wadda daga wakenta ake yin cakulan, tana zuƙar ƙarfen kadmiyom daga ƙasa, wakenta kuma yana iya kwasar dalma daga ƙura lokacin shanya. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta sa iyakar kadmiyom a garin koko da ake sayar wa jama'a, miligiram 0.6 a kowane kilo, tun daga farkon 2019. Gwaje-gwajen da ƙungiyoyi masu zaman kansu suka yi wa garin furotin a Amurka sun sha nuna cewa na tsirrai ya fi na madara ɗaukar waɗannan ƙarafa, kuma na cakulan ya fi na banila. Wannan ba yana nufin kowace robar cakulan guba ce ba. Amma wanda zai sha kullum har shekaru, ko mace mai ciki, idan na tsirrai ya zaɓa, ban ga dalilin da zai sa ya tara biyun a roba ɗaya ba alhali akwai banila, akwai zalla.

Sai babbar magana, wadda a wurina ta fi duk na baya nauyi. A ɗakin gwaji, hanyar da aka saba auna furotin ita ce a auna naitirojin ɗin da ke cikin abu a ninka shi da wata lamba, 6.25 ga yawancin abinci, 6.38 ga kayan madara. Wani masani ɗan Denmak, Johan Kjeldahl, ya fito da hanyar a 1883. Raunin hanyar shi ne ba ta tambayar daga ina naitirojin ɗin ya fito. Wannan raunin aka bi a ƙasar Sin a 2008, aka zuba sinadarin melamin a madarar jarirai don ta nuna furotin mai yawa, jarirai kusan 300,000 suka kamu da rashin lafiya, shida suka mutu. A kasuwar garin furotin, algus ɗin da aka sani bai kai wannan muni ba, amma hanyarsa ɗaya ce: a rage furotin mai tsada a cike da amino asid masu araha irin su gilaisin da taurin, lambar gwaji ta fito cif, tsoka kuwa ba ta samu abin da aka biya ba. Gilaisin yana da zaƙi-zaƙi, kuma a cikin gari mai zaƙi da ƙamshi ba mai jin sa, kamar yadda yaji ke rufe naman da ya fara juyawa. A zalla ɓoyewar ta fi wuya, harshe da hanci suna da damar kama wani abu, jerin kayan haɗin kuma gajere ne. Idan ka ga gilaisin ko taurin a jerin garin da aka ce furotin ne kawai, ka tambayi kanka me suka zo yi.

Amma kada a ɗauka zalla shaidar gaskiya ce. A Amurka, inda da yawa daga manyan kamfanonin suke, dokar 1994 ta ba da damar a fitar da irin waɗannan kayan ƙarin abinci kasuwa ba tare da hukuma ta gwada su ta amince tukuna ba, alhakin yana kan mai yin su. Abin da ke cike giɓin shi ne gwajin wasu cibiyoyi na daban, irin su NSF Certified for Sport da Informed Sport, waɗanda tambarinsu ke fitowa a jikin roba. Mai ɗanɗano da ke da irin wannan tambari ya fi mini zalla da aka ƙulla a leda ba suna ba lambar rukuni. Ga ɗan wasan da ake yi wa gwajin ƙwayoyi, wannan tambarin ya fi komai.

Masu kiyaye halal, da masu gudun kayan dabba, suna da nasu abin dubawa. Mai ɗanɗano yana ƙara ƙofofi: jan launin da ake kira kamin, mai lamba E120, daga wani ƙwaro ake samun sa, kuma wasu sinadaran ƙamshi da barasa ake narkar da su kafin a busar. Sai dai zalla bai rufe duka ƙofofin ba, domin sinadarin da ke daskarar da madara a yi cuku wani lokaci daga tumbin maraƙi ake ciro shi, kolajin kuma yana iya zama na alade. Tambarin hukumar tantancewa shi ke raba gardama a duka biyun.

Idan aka tambaye ni, ga inda na tsaya. Wanda abin da zai yi kawai shi ne ya zuba gari a gora, ya ƙara ruwa, ya girgiza ya sha bayan motsa jiki, ya sayi mai ɗanɗano, kada ya wahalar da kansa. Zalla a ruwa tsura ba kowa ke jure shi ba, kuma robar da aka tura bayan kabad bayan mako biyu ba ta gina wa kowa tsoka. Ya fara da ƙarama, domin ɗanɗanon da ya burge a ranar farko yakan gundure kafin a kai rabin babbar roba, banila kuma ta fi sauran daɗewa ba ta ishi mutum ba. Wanda kuwa zai riƙa haɗawa da madara ko yogot ko 'ya'yan itace, ko zai sa a girki, ko cikinsa mai saurin fushi ne, zalla ya fi masa. Haka tsofaffi da marasa lafiya da cin abincinsu ya ragu. Masu shan maganin ciwon daji musamman, bakinsu yakan canja har zaƙi ya riƙa tayar musu da zuciya, kuma garin da za a iya ɓoyewa a cikin abincin da suka saba ci ya fi musu amfani nesa ba kusa ba.

Zalla ma yana da nasa ramin. Mutum ya saye shi don gudun zaƙin kamfani, ya kurɓa ya ji ba daɗi, sai ya kama zuba zuma da sukari da lemon kwali. Babban cokali ɗaya na zuma yana ɗauke da sukari kusan giram 17, idan aka zuba biyu an wuce giram 30, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ga mai ciwon sukari, wannan haɗin ya fi mai sukuralos tayar da sukarin jini. Shi ma a ɓangaren mai ɗanɗano sai ya kula da garin da ake sayarwa don ƙara ƙiba, wanda yawancinsa maltodekstirin ne, kuma wannan yana shiga jini da sauri kamar gulukos.

Akwai hanya ta tsakiya da ba a cika ambata ba: a sayi biyun a gauraya rabi da rabi. Zaƙin ya ragu zuwa yadda baki zai ɗauka, ƙaron da abin zaƙin da ke shiga ciki su ragu da rabi, kason furotin ya ɗan hau. Wanda kuma yake da ciwon ƙoda, ko aka taɓa gaya masa ƙodarsa ta fara rauni, zaɓen ɗanɗano bai taso ba tukuna, sai likitansa ya faɗa masa giram nawa na furotin ƙodar za ta iya ɗauka a rana.